Sunan da Na Yar a Ƙofar Lakwal

Makon jiya ina shara a gindin famfo sai na ga waɗansu 'yan tsirrai huɗu ko biyar sun leƙo daga tsagar siminti, kore shar, kowanne bai fi tsinken sakace ba. Geron da nake watsa wa kaji ne ya gangara cikin tsagar, famfo yana ɗiga masa ruwa, shi kuwa ya yi abin da aka halicce shi ya yi. Na ɗaga tsintsiya zan share, hannuna ya ƙi. Sai na jawo kujera na zauna ina kallonsu har rana ta cim mini, kamar wadda ba ta da tukunya a wuta. Ba geron ne ya zaunar da ni ba, sunana ne. Na san mai karatu zai ce wane irin suna ne ake tsinta a tsagar siminti. A yi mini haƙuri, zan faɗa, amma sai mun bi ta gidanmu tukuna.

Sunana na yanka Tatsira. Kada ka wahalar da kanka kana tunanin inda ka taɓa jin sa, ba ka taɓa ji ba. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa a makarantun boko na Damagaram, kowace safiya ina kiran sunayen 'ya'yan mutane. Na ga na birni, na ga na ƙauye, na ga su Abarta da Anaruwa da Shekara waɗanda yanzu ake jin nauyin sa wa yara, amma ban taɓa cin karo da takwarata ba ko sau ɗaya. Iyakar sanina mu uku muka taɓa amsa shi: uwar kakata, wadda a kanta aka fara, da wata jaririya cikin danginmu na Zermu da ba ta kai yaye ba, sai ni. Ni ɗin ma, kamar yadda za ka ji, ban amsa shi amsawar kirki ba.

A unguwar Birni aka haife ni, a wani gidan ƙasa da ke jingine da ƙaton dutse, irin duwatsun nan na garinmu da ake gina gida a kewaye su don ba mai iya ɗaga su. Babana baduku ne. Zaurensa kullum cike yake da ƙamshin fatar da aka jeme da bagaruwa, shi kuma yana zaune a tsakiya da basilla a hannu yana ɗinkin takalma da jakunkuna, ba ya ɗaga kai sai in an yi sallama. Mutum ne mai sanyin hali, mai kunya kamar amarya, kuma wannan kunyar tasa tana da hannu a cikin labarin nan. Innata tana can ciki da turmi da tukwane. Amma mai gidan ta gaskiya ita ce kakata, uwar babana, wadda aka auro daga Zermu tun tana yarinya, ta tsufa a birni ba ta taɓa yarda ta zama 'yar birni ba.

Ɗakinta nake kwana, a can nake yini. Da bazara takan yayyafa wa daɓen ruwa mu shimfiɗa tabarma, tana kaɗi, mazari yana juyawa, yatsunta fari fat da alli. Da damina kuwa ba ta da zance sai na gonar da ba ta gani. In hadari ya taso daga gabas takan fito tsakar gida ta shinshina iska, ta ce wannan ya riga ya sauka a Zermu, mu saura muke samu. In kaka ta yi aka kawo mana damman gero daga ƙauye, ita ke fara zare zangarniya ɗaya, ta murje a tafin hannu, ta hure, ta watsa a baki, ta faɗi gonar da aka yanko shi. Ko tana daidai ko ba ta daidai, ba wanda ya isa ya bincika.

Ita ta zaɓa mini suna, don sunan mahaifiyarta ne. Innata ta ba ni labarin cewa ranar suna limamin unguwa ya yi ta juya rawani, ya ce shi bai taɓa ganin wannan a littafi ba. Kaka ta aiko daga cikin gida cewa in ba shi ba, a mai da ragon kasuwa. Liman ya yi tunani, ya ce ai ba laifi, tsira ita kowane musulmi yake roƙo duniya da lahira, sunan fata nagari ne. Ya yi addu'a ya ambace shi, ya ja muryarsa a tsakiya yadda ake ja in an ce mutum ya tsira daga wuta. Kaka tana bayan ƙofa tana ji. Sai da aka feɗe rago aka raba goro sannan ta dubi matan da ke ɗaki ta ce liman ya ja abin da ba a ja, amma wuƙa ta riga ta wuce.

To ga inda gizo ke saƙa. Suna ne da aka yi rigima kafin a sa shi, amma a gidan nan kaf ba mai iya faɗinsa. Kaka ba za ta kama sunan uwarta ba. Baba ba zai kama sunan kakarsa ba. Inna kuwa ni ce 'yar farinta, ko da sunana ruwan sha ne ba za ta ɗiba ba. Sai kaka ta riƙa ce mini Uwata, sauran gida suka bi da Uwa. Na girma ina ɗauke da suna kamar zanen da aka ajiye a ƙasan adaka, an san yana nan, ba a ɗaurawa. In na tambayi kaka ma'anarsa sai ta ce ba irin na liman ba ne, in na yi hankali zan ji. Ni kuwa ina ganin ai tuni na yi hankali.

Inda ake fito da shi fili makarantar allo ce, kuma a can na tsane shi. Malam ya kira shi sau ɗaya, yara suka cafe. Masu ce mini Tatsuniya sun fi yawa. Da na ɓullo daga lungu sai ɗaya ta ce ga ta nan ga ta nanku, saura su amsa ta zo mu ji ta, a fashe da dariya. Marasa kunyar cikinsu kuma su haɗa shi da tsirara su yi waƙa. Ni ba mai haƙuri ba ce, har gobe ma ban iya ba. Na yi dambe a kan sunan nan har na rasa haƙori ɗaya tun bai yi girgiɗi ba, na kuma taɓa cizon kunnen wata yarinya har uwarta ta zo gidanmu da mayafi a ɗamare. Kaka ta ba ta haƙuri, da ta fita ta ƙara mini nama a tuwo. Ita tana ganin kare sunan nake yi. Ba ta san neman hanyar rabuwa da shi nake ba.

Hanyar ta zo ranar da aka kai ni lakwal, wato makarantar boko. Ba ni da takardar haihuwa, kamar yawancin yaran lokacin. Aka sa na ɗora hannu bisa kaina na taɓo kunnena na ɗaya gefen, aka ce na isa. Mushe, wato malamin boko, da ke rubuta sunaye baƙo ne daga can yamma, Hausarsa ba ta nuna ba. Yana zaune a tebur a ƙarƙashin bishiyar bedi, iyaye sun yi layi a bayanmu. Ya tambayi sunan yarinya. Babana ya dubi dama ya dubi hagu, ya sunkuyar da kai, ya faɗi sunan kakarsa can cikin gemunsa yadda ko ni da ke riƙe da rigarsa wutsiyar kawai na ji. Mushe ya kara hannu a kunne.

"Basira?" in ji shi, yana dubana.

Na gyaɗa kai da sauri, har sau biyu.

Na ji babana ya ja numfashi zai gyara. Amma gyaran yana nufin ya ɗaga murya ya kira sunan kakarsa a gaban mazan unguwa, wataƙila sau uku, har ya rarraba shi gaɓa-gaɓa don baƙo ya iya rubutawa. Na ja gefen rigarsa. Alƙalami ya riga ya yi tafiya. A hanyar gida ya ce mini ba komai, takardar lakwal ce kawai, sunan gaskiya yana wurin Allah, amma kada kaka ta ji. Na yi masa alkawari da farin ciki. Na daɗe ina ɗora wa kunyarsa laifin, sai da na girma na yarda cewa shi shiru kawai ya yi, ni ce na gyaɗa kai.

Shekara shida na yi ina Uwa a gida, Basira a lakwal. Matsalar ita ce 'yan ajinmu sukan biyo mini da safe, su tsaya a zaure suna kiran Basira. Ranar farko kaka ta tambayi wace ce haka. Na ce wata ƙawata ce, tare muke tafiya, a nan ake zuwa nemanta. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa ta daɗe tana fure. Kaka ta ɗauki wannan ƙawa ta sa a ranta. In ta soya gyaɗa sai ta ƙulla mini biyu, ɗaya nawa ɗaya na Basira, ni kuwa in cinye duka a hanya ko kunya babu. Wani lokaci ta yi ta mita, wai wace irin yarinya ce kullum ana nemanta a ƙofar gidan mutane amma ba ta taɓa shigowa ta durƙusa ta gai da tsohuwa ba, 'ya'yan birni ba su da tarbiyya. Inna takan shige madafa da sauri in an fara wannan zancen.

Sai ga shekarar sartifika, jarrabawar gama firamare. A lokacin a filin makaranta ake tara jama'a a kira sunayen waɗanda suka ci, ɗaya bayan ɗaya. Ruwan farko ya riga ya sauka, ƙasa ta yi sanyi, gari yana ƙamshi. Da safe na ga kaka ta buɗe adaka ta fiddo baƙin saƙinta na zuwa biki, ta turara shi, ta ɗauki sanda. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Baba ya ce ta zauna, rana za ta yi zafi, za a kawo mata labari.

"A'a," ta ce. "Tun da uwata ta koma ban ƙara jin an kira ta yadda ya kamata ba. Yau manya za su kira ta a gaban jama'a, da kunnena zan ji."

Baba ya dube ni, na dubi ƙasa. Da ina da zuciya da a nan na faɗa mata. Ban faɗa ba. Na bi ta a baya ina addu'ar da ba ɗalibar da ta taɓa yi, ina roƙon Allah ya sa hayaniya ta hana ta ji.

Aka ba ta benci a inuwa. Darakta, shugaban makarantar, ya hau kan baranda da takarda ya fara kira, bisa jerin haruffa, don haka ba a daɗe ba aka iso kaina. Basira, sannan sunan babana, wanda rabin mazan Birni shi suke amsawa. Na manta da komai na yi tsalle na yi ihu, ƙawaye suka rungume ni. Da na waiwaya na ga kaka tana murmushi tana gyaɗa mini kai, alamar ta taya ƙawata murna. Sannan ta gyara zama, ta ture ɗankwali daga kunnenta na dama, wanda ya fi ji, ta ci gaba da saurare. Haka ta zauna har ƙarshen takardar. Ina tsaye ina kallonta, kowane suna aka kira sai ta ɗan miƙa wuya. Darakta ya naɗe takarda, mutane suka fara watsewa, masu guɗa na yi, masu kuka na yi. Ta dogara sanda ta miƙe, ta zo ta kama hannuna.

"Yi haƙuri, Uwata," ta ce. "Baɗi ma shekara ce. Kada ki yi wa ƙawarki baƙin ciki, rabonta ne ya zo."

"Kaka, na ci," na ce. "Ni ce Basira."

Ba ta gane ba da farko. Sai da na maimaita, na ba ta labarin tebur da bedi da mushe, ina yi ina haɗiye rabin maganar. Ba ta saki hannuna ba, amma na ji riƙon ya canza. Muka taho gida. Na yi tsammanin za a yi tashin hankali, don na san bakinta. Ba a yi ba. Ta tsaya a zaure ta dubi ɗanta, shi kuwa ya duƙufa a kan takalmin da ya riga ya gama ɗinkawa. Ta wuce ɗaki ta ninke saƙinta ta mayar adaka. Ranar nan an yi mini dambu da kaza don murna, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Bayan kwana uku ta ce in ɗaure kayana, za mu Zermu. Muka shiga mota zuwa Mirriya ranar kasuwa, muka sauka tsakanin masu tuluna da masu rake, daga nan wani ɗan'uwanta ya ɗauke mu a amalanken shanu. Ina ta ɓacin rai don sabon takalmin da baba ya ɗinka mini na cin jarrabawa yana shan laka. Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, ta ce in biyo ta. Muka fita bayan gari har wata gona a gindin tudu. An yi shuka kwana huɗu da suka wuce. Daga nesa ba ka ganin komai sai jan rairayi, sai ka matso ka sunkuya sannan ka ga layi-layi na 'yan koren tsinkaye, raɓa a bakin kowanne. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta ce in durƙusa.

A nan ta ba ni labarin. Ta ce wata shekara ce ta yunwa, ita ma ji ta yi, ba ta san lissafinta ba. Kakanta ya yi shuka sau biyu a gonar nan, ruwa yana yaudararsa, rana tana ƙonewa. Abin da ya rage masa ƙwarya ɗaya ce ta iri, gida kuwa ba abin sa wa a baki, matarsa ga tsohon ciki. 'Yan'uwa suka ce a daka irin a yi wa mai ciki kunu, rai ya fi gona. Matar da kanta ta ƙi, ta zauna a kan ƙwaryar ta ce ba mai taɓawa. Shi kuma ya ɗauka ya je ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya bar wa Allah. Mutane suka ce ya haukace, ya ciyar da tururuwa ya bar iyalinsa. Aka yi kwanaki, ruwa ya sauka, naƙuda ma ta tashi, ta yi tsanani har kwana biyu, mata suka fara fid da rai. Ya kasa zama a ƙofar gida yana jin nishin matarsa, ya tafi gona da sassafe. Abin da ya gani ya sa ya juyo da gudu. A bakin ƙofa ya yi karo da ungozoma ita ma ta fito nemansa, suka buɗe baki tare, kowa ya ce ta tsira. Ita tana nufin mai naƙuda ta kuɓuta, shi yana nufin shuka ta fito. Jaririyar da aka haifa a safiyar ita ce uwar kakata. An raɗa mata wani sunan na littafi, amma ba wanda ya taɓa kiran ta da shi har aka manta.

Mai karatu ya san Hausa tana da irin wannan. Garin da mutane ke zaune da garin da ake tuwo da shi rubutu ɗaya ne, baki ne ke raba su. Haka tsirar kuɓuta ana jan ta, tsirar shuka kuwa ana tsinke ta gajere. Kaka ta ce mutanen gari sun bi na ungozoma don ya fi kama da addu'a, amma a cikin gida na uban aka riƙe, don shi ya san abin da ya binne. Sannan ta yi abin da ban taɓa ji ta yi ba. Ta taɓa ɗan tsiro ɗaya da yatsa, ta kama sunan uwarta a fili, a hankali, gajere.

"Tatsira. Haka ake faɗinsa. Na liman na mai gudu ne. Namu babu gudu a ciki, abin da aka binne ne ya ƙi mutuwa." Ta juyo ta dube ni. "In na tafi ba sauran mai sanin wannan sai ke. Ki je ki ce su gyara takardar."

Ina so in ce maka na yi kuka na rungume ta. Ban yi ba. Shekarata goma sha uku, zan shiga kwalej, ina tunanin sababbin ƙawaye da yadda za su yi da Tatsuniya in suka ji. Na ce mata takardar gwamnati in an rubuta ba ta gyaruwa. Ban ma sani ba ko gaskiya ne, ban tambayi kowa ba. Ta dube ni jim kaɗan, ta ce to. Ta miƙo hannu na tashe ta, muka koma gari.

Daga ranar ba ta ƙara ce mini Uwata ba. Sai 'yar lakwal. Ba da faɗa take faɗi ba, har da wasa ma, kuma ba ta rage mini komai ba, naman tuwo yana nan, gyaɗa tana nan, sai dai ƙulli ɗaya. Na yi ta jira ta manta bakinta ya suɓuce, bai taɓa suɓucewa ba. Ta rasu ina makarantar horon malamai, ban samu ganawa da ita ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau, kuma ba na jin zai daina.

Sauran rayuwa ta tafi a kan Basira. Da shi na yi aiki, da shi aka san ni a unguwa da wurin biki. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya san na gaskiyar, amma Madam yake ce mini har ya koma ga Mahaliccinsa. Abu ɗaya dai aka san ni da shi a wurin aiki: ranar ɗaukar sababbin yara ba na rubuta suna sai na ji shi sarai. In uba yana jin nauyi, na kai shi gefe in ce ya raɗa mini a kunne. Abokan aiki suna cewa na cika tsanani, layi yana daɗewa a teburina. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Watanni kaɗan da suka wuce matar babban ɗana ta haifi mace. Ɗan nawa ya zo da fara'a ya durƙusa ya ce zai yi mini takwara, Basira. A nan na gane abin da ban taɓa tsayawa na duba ba: yaron nan ya haura shekara talatin bai san sunan uwarsa ba. Ba ya kama suna, ba ya jin ana kamawa, a takarda kawai yake gani. Na zaunar da shi da matarsa da ta fito daga wankan jego, na ba su labarin tun daga ƙwaryar iri har filin lakwal. Na roƙe su, ni da ban saba roƙo ba. Ya fiddo salula ya rubuta sunan ya yi ta dubawa, ya ce babu shi ko'ina, babu ma'anarsa, babu mai shi ko ɗaya. Na ce ga mai shi a gabanka, ga ma'anar na gaya maka. Matar tasa, yarinya mai ladabi, ta sunkuyar da kai ta ce labarin yana da daɗi. Na san abin da hakan ke nufi. Shi ya fi ta ƙarfin hali.

"Mama, ki gafarce ni," ya ce. "Ke da aka yanka wa rago da shi kin kasa ɗauka. Yaya za mu ɗora wa jaririya?"

Bai faɗi ƙarya ba. Abin da na iya kawai na ce kada su sa mata Basira da sunan an yi mini takwara. Suka zaɓi wani suna mai kyau na littafi, aka yi taro lafiya, na yi rawa da jikata a hannu, kuma ina son ta kamar raina.

Ban ga laifinsu ba. Zamani ne ya juya. A da suna yakan fito daga abin da ya sami gida: ruwan da ake yi, kasuwar da ke ci, 'ya'yan da aka binne kafin wannan, baƙon da ya sauka. In ka ji sunan mutum ka ji ɗan guntun tarihin uwarsa. Yanzu ana zaɓo shi tun ciki bai tsufa ba, a duba wanda ya fi daɗin faɗi, a tabbatar ba za a yi wa yaro dariya ba. Akwai tausayi a cikin wannan, ni da na rasa haƙori ba zan musa ba. Kunyar da ta hana mu kama sunan manya ita ma tana ja da baya, yaran yau suna faɗin sunan kakanninsu gatsal ba ko gezau. Wani lokaci abin yana ba ni haushi, wani lokaci kuma in ce da babana yana da rabin wannan rashin kunyar da ba a yi haka ba. Gonar gindin tudu ma na ji an raba ta gado, an sayar da rabi.

Da ɗan nawa ya zo gaishe ni ranar Juma'ar da ta wuce, na ce ina da wasiyya guda ɗaya, ba ta gida ba ce, ba ta kaya ba. Ranar da tawa ta zo, in zai kai sanarwa gidan rediyo, in liman zai tambayi wa za a yi wa salla, da sunana na yanka za a faɗa. Na sa shi ya maimaita a gabana, yana jin nauyi yana kau da kai, yana ja ina tsinke masa, har sau biyar, sai da ya faɗe shi daidai. Sannan ya ce amma Mama, in aka faɗi haka ba wanda zai gane ke ce, ɗalibanki da abokan aikinki ba za su zo gaisuwa ba.

Na ce masa ya bar su, za su ji daga baya. Wadda nake so ta gane ni ce ta riga ni can, kuma na taɓa barin ta a kan benci tana jira har aka naɗe takarda.